Takardar Tambayoyin da Na Cike Miki

Zuwa ga Hajiya Mairo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Allah tana tare da ke. Yau Talata. Ƙafar hagu ta sake kumbura, tarin ma yana nan, amma na yi azahar a tsaye. Ina nan a ɗakinmu na unguwar Al-Shifa, a Riyad.

Autarmu ta kira daga Amurka ranar Juma'a. Ta ce gaɓoɓinta na ciwo, gajiya ta ƙi sakinta. A asibitin unguwarsu an ba ta takardar tambayoyi, irin wadda ake ba baƙaƙen matan can don tantance masu lupus, ciwon da ya yi ajalinki. Ta amsa, aka duba, aka ce babu alama. Ta ji daɗi.

Kin tuna taki takardar, wadda aka ba mu a asibitin nan? Da Turanci da Larabci take, ke kuwa karatunki na Alƙur'ani ne. Ni na yi boko, ni aka miƙa wa biro. Kina zaune a ɓangaren mata, ina na maza. Ban taso na tambaye ki ba. Na ɗauka zaman shekara ashirin da shida ya isa in san amsa.

An tambaya ko kumatunki na yin ja. Na rubuta a'a. Fatarki ba ta ja, duhu kawai ta ƙara a gefen hanci, kika ce zafin girki ne. An tambaya ko rana na fito miki da ƙuraje. Na rubuta a'a. Yaushe kika shiga ranar Riyad, ke da ba kya fita sai da yamma, cikin abaya da niƙabi? An tambaya ko gashi na zuba. Nan ma a'a. Sai bayan rasuwarki na ga gashin da kike tarawa a gwangwanin madara, ƙarƙashin gado.

Likita ya duba takardar, ya ba mu maganin ciwon jiki. Ban ga laifinsa ba, abin da na ba shi ya karanta. Kafin a kai ga gwada jini, ciwon ya isa ƙoda.

Kullum maganarki ɗaya ce: "Da sauƙi, Malam, je ka aikinka." Auta bakinki ta ɗauko. Ranar Juma'a sau uku ta ce mini da sauƙi.

Na ciro takardunki na asibiti daga akwati. Sani direba, mutumin garinmu, ya yi alkawarin zuwa bayan la'asar ya ɗauki hotonsu da waya ya tura mata, ta kai wa likita ta nemi gwajin jini. Ni ban iya ɗaukar hoto da waya ba. A saman ta farko na rubuta cewa ni na cike miki takardar tambayoyin ban tambaye ki ba. Ban taɓa gaya mata ba, Mairo. Ke ma yau na fara gaya miki.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sa ciwon nan kaffara ne. Allah Ya tsare mana Auta. Ki yafe mini.

Naki,
Malam

An yi magariba, Sani bai zo ba. Takardun suna kan kujerarki. Gobe zan kira Auta da kaina, in karanta mata tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, in jira ta amsa.