Shokazobar Motar Yaya Sada

Ikko, 4 ga Maris, 1963

Zuwa ga Yaya Sada, a Kurfi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ina Barira da yara? Ni lafiya lau, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Saƙonka ya iso a kan shokazoba, ƙarfen da ka ce zai hana motarka jijjiga. Yaya, akwalar da Baturen gona ya yar a Dutsin-Ma da zai koma ƙasarsu, ita kake kira mota? Ba shagon da ban shiga ba. Wani mai kayan gyara da na faɗa masa irinta, dariya ya yi har da kiran maƙwabcinsa. Ya ce, "Malam, ku zuba mata ƙasa ku shuka albasa."

Duk da haka na tono biyu a bolar matattun motoci, duk tsatsa. Audi direban goro zai kawo maka. Ka ɗaura, ka zaga kasuwar Kurfi ana ce maka ranka ya daɗe, yara na turawa a baya. Amma don Allah kada ka sa Inna a ciki. A kai ta asibitin Katsina a motar kirki.

Wasiƙunka duk zancen ƙarfe ne. Da ka tambaya, da ka ji tun kaka aka sallame ni daga aikin dako, a rumfar wani nake kwana. Ba komai, Allah na nan.

Ka ce da Inna har ƙiba na yi.

Ƙaninka,
Ilu