Kalmar da Likita ta Rubuta a Katin Baba

Assalamu alaikum, Yaya.

Ina gaishe ka da gaisuwa mai yawa, kai da iyalinka. Ina fata takardar nan za ta iske ku lafiya, kuma ka fara sabawa da sabon aikin. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya raya mana yara. Mu nan sai godiya. Umma ta rage kuka, ta koma cin abinci. Auta da matarsa suna riƙe da shagon kafinta na Baba, ni kuma ba na hawa keken ɗinki sai bayan la'asar, tunda safiyata ta zama ta asibiti.

Na rubuto ne in gyara wata magana da na faɗa maka a waya. Ranar da ka tambaye ni ko ka ajiye aiki ka taho, na ce ka yi zamanka, likita ta ce Baba ya samu sauƙi. Ba haka ta ce ba. Kalma ɗaya ta faɗa ta Turanci, ta kuma rubuta ta a katin da ke rataye a ƙarshen gadonsa: stable. Da murmushi ta faɗe ta, shi ya sa na yi maka tafinta ba wanda ya sa ni. Bayan mun yi sallama raina bai kwanta ba, sai na kwafi haruffan ɗaya bayan ɗaya na sa a waya. Ka san abin da ta ba ni? Barga, wurin ɗaure dawaki! Da na karanta wa Umma, ta riƙe haɓa ta ce wato mijin nata za su mayar doki. Dariyarta ta farko ke nan tun ranar da ɓarin jikin Baba ya shanye.

A gadon da ke kusa da na Baba akwai wani dattijo da ciwon suga ya taɓa wa ƙafa. Kowa a ɗakin Malam yake ce masa, domin ya yi shekara talatin yana koyar da Turanci. Ya ji dariyarmu, ya gyara tabarau, ya ce wayar ba ta yi ƙarya ba, rabin gaskiya ta faɗa. Wai barga stable ce, tebur da ba ya girgiɗi shi ma stable ne, haka mutum mai natsuwa da ba ya hawa da sauka, haka farashin da ya zauna wuri ɗaya a kasuwa. Na ce to me ya haɗa doki da tebur da marar lafiya? Ka san ni da tambaya, shi kuma ashe ya daɗe bai samu ɗaliba ba. Ya ce asali kalmomi biyu ne da suka shigo Turanci ta hanyar Faransanci, kuma dukansu daga wata kalma guda ta tsohon harshen Latin suka tsiro, mai nufin tsayuwa. Barga wurin da dabba ke tsayawa ne, ɗayar kuwa abin da ya tsaya da kyau bai faɗi ba. Sannan ya tambaye ni inda nake sauka in na shigo mota. Na ce tasha. Ya ce to ita ma 'yar gidan ce: daga station muka aro ta, wurin da mota ke tsayawa, kakarsu ɗaya da kalmar da ke katin Baba. Yaya, kullum sai na faɗi tasha, ban taɓa sanin tana da dangi a asibiti ba.

Tun daga ranar abin ya shiga kaina. Ina ɗinki ina lissafa namu: mota ta tsaya, ruwa ya tsaya, wane ya tsaya takara, wance ta tsaya wa ƙanwarta, abu ya tsaya mini a rai. Washegari na kai wa Malam, ya ji daɗi har ya sa ma'aikaciyar jinya ta ara masa biro. Sai ya ƙara guda ɗaya da ban kawo ba, ya ce ai zuciya ma akan ce ta tsaya. Ya faɗa ne cikin wasa, amma ni ban ɗauke shi wasa ba. Na tambaye shi kai tsaye ko kalmar tana nufin Baba yana warkewa. Ya cire tabarau ya ce shi malamin kalmomi ne, ba na jiki ba. Abin da ya sani shi ne ba ta ce gaba ba, ba ta ce baya ba.

Ashe Baba yana jin mu. Ka san yanzu maganarsa a hankali take fita, sai an kai kunne kusa. Ya ce shekara arba'in yana yin tebura, kuma iri biyu ne ba sa girgiɗi: wanda ƙafafunsa suka daidaita, da wanda aka naɗe takarda aka cusa masa a ƙasa. Ya ce in tambayi likita shi wanne ne.

Na tsare ta a baranda, na ce ta yi mini bayani da bakin da zan gane. Ba ta yi mini rowa ba. Ta ce hawan jininsa ya zauna, kuma ba abin da ya ƙaru a kwana goman nan, wannan abin godiya ne. Amma magani ne ke riƙe da shi, kuma wanda abin ya taɓa sau ɗaya yana iya sake dawo masa ba sallama. Yana iya shekaru a haka, yana iya kasa kai wa wata. Na ce yana da babban ɗa a nesa, wanda bai daɗe da kama aiki ba. Ta ce ba za ta ce a ajiye aiki ba, amma da mahaifinta ne, za ta so ta zo yanzu da yake gane mutane yana ba su amsa.

To ka ji yadda abin yake. Ka yafe mini fassarar da na yi maka. Kada ka ajiye aikin, amma ka je wa shugabanku ka nemi hutu, ko na mako guda ne. In ya nemi shaida, likita ta ce za ta rubuta takarda.

Umma tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Kawu da Goggo suna gaisuwa, haka Auta da matarsa, da maigidana. Malam ma ya ce a gaishe ka duk da bai san ka ba. Ka gaishe mini da Anti, ka shafa mini kan 'yan biyu. Baba kuwa ya ja mini kunne kada in tayar maka da hankali, wai kada in kuskura in ce ka zo. Na ce to. Jiya da Auta ya kawo masa ruwan shayi, na ji Baba yana ce masa ya kwashe katakon da aka tara a tsohon ɗakinka, ya sa a share, a gyara sakatar ƙofar.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Sarkin Tambaya