Ka Kai Mini Angona Shago

Ɗana, mahaifiyarka ce. Kafin gaisuwa, amsa mini: wace rijiya ce in ana ɗiba take cika, in an bar ta ta ƙafe?

To, ya mai jego, ya angona ɗan wata biyu? Ni lafiya lau. Gwiwa ce kawai ke gardama da matakalar gidan da nake raino, amma abin bai kai a faɗa ba.

Ƙanwarka ta ce ka mayar da matarka shagon ɗinkinka, daga safe har magariba, ka hana a zo da yaro, wai kukansa na korar mutane. An bar shi gida da ruwa da madarar gwangwani har gudawa ta kama shi. Yanzu kuma kana cewa nononta ba ya isa! Ta ina zai isa, sarkin wayo? Kai da ka sha nawa har kana cizona?

Ka kai yaron shago, ka shimfiɗa masa katifa kusa da kekenta. Kafin wata shida, ko ɗigon ruwa ban yarda ba. Allah ya yi maka albarka, in ka ji.

Nonon uwa ne rijiyar. In yaro na tsotsa yana zuwa, in an raba su ya ƙafe.