Na Ɗauki Hirar Shagonmu Na Kai wa Babana

Anti, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki sa sunana. Ban taɓa rubuta wa kowa wasiƙa ba, karatuna bai wuce firamare da kaɗan ba, idan kin ga kuskure ki gyara. Ban ma san yadda zan kira abin da ke damuna ba, don ba zafi nake ji ba. Ba na jin komai ne.

Ina koyon ɗinki a wani shago. Mai shagon Hajiya muke ce mata. Akwai wadda take yanka, kowa Mai Almakashi yake kiranta, ita ce babba bayan Hajiya. Akwai wata da ake ce wa Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa, sai wasu biyu a kan keke. Ni ce ƙarama. Aikina sa maɓalli, tsinke zare, kalmasa da guga. Wurin zamana a lungu yake, kusa da gwangwanin maɓallai. Hajiya ta yi min alkawarin idan watan nan ya ƙare za ta ɗora ni a kan keke. Na daɗe ina jiran ranar.

A shagon nan hira ake yi tun daga buɗewa har a tashi. Ni ba na sa baki, kunya gare ni, ko tambayata aka yi sai muryata ta maƙale. Amma ina jin daɗin saurare. Rediyo ta taɓa yin odar takalmi ta waya, a hoto kamar na matar gwamna, da aka kawo duka biyun na ƙafar hagu ne. Mai Almakashi ta ce maganinta ke nan, ita abin da ba ta lailaya da hannunta ba ba za ta saya ba ko da kyauta ne. Idan aka koma siyasa sai Rediyo ta ce ita duk wanda fastarsa ta kwana a sama a ƙofar shagonmu ranar zaɓe shi za ta dangwala wa, tunda kullum ana liƙa wata a kan wata har ƙofar ta yi nauyi. Mai Almakashi ta ce titin gabanmu an fara yi masa alkawarin gyara tun tana goyon ɗanta na fari, ga yaron nan yanzu har ya fara aske gemu. Wata rana aka ce an ƙirƙiro wani abu a waya mai amsa kowace tambaya, wai nan gaba har ɗinki zai ƙwace. Mai Almakashi ta ce ya zo bismillah, ya gwada auna matar da ke shanye ciki idan an zagaya mata tef, sannan ta dawo ta ce an matse ta.

Ranar da na fara zuwa, Mai Almakashi ta ce min duk abin da na ji a nan in kakkaɓe shi a bakin ƙofa tare da zaren da ya manne min a zani. Na ce to.

Babana direban bas ne a da. Mutum ne mai son gardama, a tasha idan ana musun siyasa daga nesa ake jiyo muryarsa. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki. Yanzu yana kwance a ɗaki, maganarsa ba ta fita sosai, mu na gida ne kawai muke ganewa. Da farko abokansa suna zuwa, daga baya ƙafa ta ɗauke. Mama tana fita aiki da safe, Yayana ba ya zama. Idan na dawo da yamma na kai masa ruwa, abin da yake fara tambayata shi ne me aka ce yau a shago. Ni kuma ban iya ba da labari ba. Abin da ya sa kowa dariya, idan ya biyo ta bakina sai ya zama lami. Yana gyaɗa kai dai don kada in ji kunya.

Sai Yayana ya sake waya ya bar min tsohuwar, mai fasasshen gilashi. Wata rana na danna wurin ɗaukar murya na tura ta ƙarƙashin ƙyallayen da ke gefena. Da na dawo na kunna wa Baba. Anti, ya yi dariya har sai da na goge masa baki. Tun da ya kwanta ban ji wannan dariyar ba. Har yana ɗaga hannunsa mai lafiya yana musu da Mai Almakashi, wai ba ta san siyasa ba. Daga nan na riƙa yi kullum. Ban ɗauka na karya dokar Mai Almakashi ba, a ganina ɗakin Baba ba waje ba ne.

Akwai wata babbar kwastomarmu, mijinta yana takara. Ita ta ba Hajiya aikin rigunan matan kamfen ɗinsa. Ranar da ta zo gwaji, tana fita Rediyo ta kwaikwayi muryarta, wai ta sayi wayar da ta fi tafin hannunta faɗi amma idan aka kira ta sai ta miƙa wa direba ya amsa mata. Mai Almakashi ta ce mijin ma da zai iya gyara magudanar ƙofar gidansa da ta yarda zai gyara ta gari. Kowa ya yi dariya, har Hajiya. Ina kunna wa Baba da yamma Yayana ya shigo ya ji. Ya ce wannan ai abin ajiyewa ne, ya tura wa kansa. Ban hana shi ba, ban saba ce masa a'a ba. Ya sa a guruf ɗin abokansa, daga can ban san inda ya bi ba.

Rediyo a wayar ƙanwar mijinta ta ji muryarta. Da abin ya kai kunnen matar ɗan takarar, ta aiko aka kwashe yadinta, har wanda aka riga aka yanka. Ba a sha wahalar gano ni ba, don a cikin muryar ƙarar gwangwanin maɓallai ta fi ta kowa tashi, kuma ni kaɗai ke zama kusa da shi.

Na zaci za a dake ni ko a kore ni. Hajiya ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ajiye kwando a bakin ƙofa ta ce daga yau kowa ya shigo ya jefa wayarsa a ciki sai an tashi. Kowa, ba ni kaɗai ba. Rediyo da take sayar da mayafai ta waya ta rasa masu saye. Mai Almakashi tana da yarinya mai ciwon asma, yanzu ko an kira ta daga makaranta ba za ta ji ba. Ni kuma aka mayar da ni baranda wajen guga. Ta gilashi ina ganin bakinsu yana motsi, da na turo ƙofa sai ƙarar keke kawai. Rediyo da take ce min ƙanwata, yanzu 'yar jarida take ce min. Na ji ana cewa wai 'yan ɗaya jam'iyyar ne suka saye ni, shi ya sa nake shiru-shiru, ashe aiki nake. Babu wanda ya tambaye ni dalili, ni ma ban faɗa ba. Na ce ku yi haƙuri sau ɗaya, ina kallon ƙasa, ban san ko sun ji ba. Ba su san Babana yana kwance ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ba na son a riƙa kallona da tausayi.

Baba bai san komai ba. Na ce masa wayar ce ta lalace. Har yanzu yana tambayata me Rediyo ta ce, sai in ƙirƙiro. A hanya nake shirya abin da zan faɗa, in ce an yi musu a kan kuɗin mai, in ce wance ta sayi fanka mai caji ta mutu a kwana biyu. Jiya ya dube ni ya daɗe, ya ce Rediyo ta yi sanyi kwanan nan.

Ban yi kuka ba ko sau ɗaya. Ina cin abinci ban san ɗanɗanonsa ba. Shekaranjiya dutsen guga ya taɓa min hannu, na tsaya ina kallon wurin yana tashi. Hajiya ta ce ƙarshen wata za ta san abin da za ta yi da ni. Ƙanwar Mama ta ce in bar musu shagonsu in zo in riƙa taya ta tsaron kanti. Ina son ɗinki, ko in ce da ina so, yanzu ban sani ba. In tafi kafin a kore ni? In na zauna me zan ce musu? Kuma Baba fa?

'Yar Lungu

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Wasiƙarki ba ta bukatar gyara, kuma wadda ta rubuta ta ta iya ba da labari, ko da bakinta yana ƙin buɗewa.

Bari in fara da mai ɗacin. Abin da kika yi kuskure ne. Muryar mutum tasa ce, ba a ɗaukarta sai da izininsa, ko da wa za a kai wa. Matan nan sun saki baki ne don sun ɗauke ki tasu. Sun rasa aiki, sun ji kunya a gari, kuma kullum suna biyan laifin da ba nasu ba a kwandon nan. Fushinsu ba mugunta ba ne. Amma ke ma ba abin da suke zato ba ce. Yarinya ce da ta ga mahaifinta ya yi shiru ta nemo masa dariya da abin da ke hannunta. Duka biyun gaskiya ne, sai dai su guda ɗaya kawai suka sani, ɗayan kuwa kin riƙe shi a ciki. Da ba ki ba su dalili ba, sai suka nemo nasu.

Saboda haka kada ki tafi yanzu. Idan kika tafi a haka, kin sa hannu a kan zancen cewa sayen ki aka yi, kuma zai bi ki har kantin. Ki fara gaya wa Mama komai yau. Sannan ku je gidan Mai Almakashi tare, ba shago ba, inda idanu suka yi yawa. Ita ta kafa miki dokar, ita ya kamata ta fara ji. Ba dogon jawabi ake nema ba: Babana yana kwance, shi nake kai wa, na yi laifi, ku yafe min. Idan murya ta maƙale, Mama ta fara ki ƙarasa. Ki goge duk abin da ke wayar a gabanta. Faɗin ciwon mahaifinki ba roƙon tausayi ba ne, bayani ne da suke da haƙƙin ji. Bayan nan ki nemi Hajiya, ki roƙe ta abu ɗaya: ta mayar wa sauran wayoyinsu, taki ta zauna a gida. Wannan zai yi miki magana fiye da haƙuri goma.

Yayanki kuma ba zai sulale ba. Shi ya fitar da muryar daga gida, Mama ta sa shi ya je ya ba Hajiya haƙuri da bakinsa. Tunda yana da ƙafar yawo, ya bi ta tasha ya gaya wa abokan Baba cewa mutuminsu yana nan da ransa kuma yana kewar gardama. Da yawa ba mantawa suka yi ba, nauyin daɗewar da ba su zo ba ne yake hana su. A samar wa Baba ƙaramar rediyo a gefen gado. Hirar mahaifinki ta fi ƙarfin yarinya ɗaya.

Ki daina ƙirƙira masa labari. Jikinsa ne ya kwanta, hankalinsa yana nan, kuma ga alama ya riga ya gane. Ki gaya masa abin da ya faru. Mutumin da ya yi shekaru yana sasanta fasinja da kwandasta zai so a ce yau 'yarsa ta kawo masa matsala tana neman ra'ayinsa.

Ba zan yi miki alkawarin komai zai koma yadda yake ba. Wataƙila Rediyo ta daɗe ba ta sake da ke ba. Wataƙila keken ya ƙara nisa, wataƙila ma Hajiya ta sallame ki. Idan haka ta faru, kin fita an san gaskiyarki, kuma shagon ɗinki ba ɗaya ba ne a duniya. Kanti yana nan idan kin so, amma kada ki shige shi don ɓuya.

Rashin jin komai da kike faɗa, haka zuciya take yi idan kaya ya yi mata yawa. Sau da yawa yana sakin mutum idan ya fara magana, kuma idan kuka ya zo ki bar shi. Amma idan an yi makonni abinci bai dawo da ɗanɗano ba, ko barci ya ƙi, ki sa Mama ta kai ki asibiti ki faɗa musu kamar yadda kika faɗa min. Ƙunar hannun ma a duba ta.

Allah Ya ba mahaifinki lafiya, Ya sanyaya zukatan matan nan, Ya ba ki ƙarfin buɗe baki a gabansu. Ki je a makon nan, 'yata, kada ki jira ƙarshen wata.

Antinku