Mama Ta Ce Yadin Ne Ya Karkace

Bu Ningsih, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗau zafi.

Mahaifiyata ta shekara arba'in tana zanen batik, wato adon yadi da narkakken kakin zuma, a nan garin Pekalongan na Indonesiya. Tun bayan ƙaramar sallah layinta ya fara karkacewa, ita kuwa ta rantse yadin ne ba a miƙe ba. Har ƙofar ɗakinta ta ce ta lanƙwashe! Gilashi huɗu ta canza wurin Pak Darto na bakin kasuwa, wanda take kira Dokta don kawai yana sa farar riga. Shi kansa bawan Allah ya gaji da gaya mata shi ba likita ba ne. Da ƙyar na ja ta wurin mai awon ido. Ya haska, ya rubuta mana takardar asibiti, ta zo gida ta naɗe soyayyar ayaba da ita. Wai ita ba mai yanka mata ido.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba: ni nake kankare layukan a ɓoye in sake ja kafin a kai rini. Nawa aikin ya tsaya cak. Jiya har tsawa na daka mata, sannan na shige ɗaki na yi ta kuka. Wai masu duba idon nan su nawa ne, wanne ne namu?

'Yar Mai Batik

'Yata, sannu. Su uku ne. Pak Darto gilashi yake haɗawa, kuma ya kyauta da ya faɗi iyakarsa. Mai awo ya auna gani, ya hango matsala, ya tura gaba. Naku shi ne likitan ido na asibiti, don idan miƙaƙƙen layi ya riƙa lanƙwashewa, hakan yakan nuna ciwo can cikin ido, inda gilashi ba ya kaiwa. Jinkiri na iya cinye ganin, ku je a makon nan.

Tsoron Mama ba shirme ba ne, da idon take ci. Ki gaya mata dubawa za a fara yi, kuma ba kowane ciwo ake wa tiyata ba. Tunda tana jin maganar Pak Darto, ki roƙe shi ya raka ku.

Amma ke ma da naki laifin. Ta yaya za ta yarda ba ta gani, alhali kullum yadinta yana fitowa tsaf? Ki ba ta haƙuri kan tsawar, ki zauna kusa da ita, ki faɗa mata hannun wa ke gyara mata aiki. Za ta ji zafi, amma za ta tashi ta bi ki.

Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya ƙara miki haƙuri.