Ruwan Famfona a Kwalaben Mpape

Gwarinpa, Abuja,
Watan Nuwamba, 2008.

Zuwa ga Yaya Lukmanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Ikilima da yara, da fatan zafin Jidda bai matsa muku ba. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan lafiya lau muke. Na leƙa Katsina watan jiya na tarar da Iya da sauƙi. Ƙafar ce dai take ɗan taɓa ta, amma baki yana nan daram, don sai da ta wanke ni tas a kan wai na rame. Maigidan yana gaishe ka. Shagonsa ba ya rabo da masu sayen kayan gini, don garin nan yanzu inda ka bar ciyawa jiya, yau sai ka tarar da bene.

Na zaɓi in rubuto ne domin wannan ba maganar waya ba ce, kuma na san halinka, a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Magana ce a kan 'yarka Kauthar da take zaune a wurina, da mutumin nan Oga Thaddeus, wanda ka ce mata ta riƙe shi hannu bibbiyu. Kai labarinsa kawai ka ji, ni kuwa na gan shi da idona.

Ka san yadda suka haɗu. Malamansu na kimiyyar muhalli sun cika musu kunne cewa a wannan fanni digiri kaɗai ba ya kai mutum ko'ina, sai da sanin mutane. Shi ne ake tara ɗalibai a wani otal, masu kamfanoni su zo su yi ta raba kati, yara su yi ta murmushi har haƙora su bushe. A nan ya ɗauke ta koyon aikin da makaranta ta wajabta musu kafin su gama. Kamfaninsa ne ke rubuta wa masu fasa dutse rahoton da gwamnati ke nema, na cewa aikinsu bai cutar da ruwa da iskar mutane ba. Ya yi mata alkawarin in ta gama bautar ƙasa zai kama hannunta har ofishin wani darakta a ma'aikata.

Tun ranar da ya zo gaishe mu raina bai kwanta da shi ba. Mutumin da zai yabi tuwona tun bai kai loma baki ba, me zan yi da yabonsa? Bai tambayi me yarinya ta iya ba, sai tambayar aikinka da su wa ka sani. Na kuma lura duk ma'aikatansa ɗalibai ne, ba ko ɗaya da ya daɗe da shi. Na faɗa wa Maigidan, ya ce zargi ya yi mini yawa, ko limami ya yi mini sallama sai na bincika. Na bar maganar, amma idona bai rufe ba.

Ran nan da safe na fita bayan gida shanya, sai na ga Kauthar durƙushe a bakin famfo tana cika waɗansu kwalabe. Kowace an manna mata takarda an rubuta rijiyar Mpape, unguwar nan ta kan tudu da ake fasa dutse, ga sunanta a ƙasa a matsayin wadda ta ɗebo. Na tambaye ta yaushe famfona ya koma Mpape ban sani ba. Ta sunkuyar da kai ta ce ogan ne ya ce hawan dutsen wahala ce kawai, ruwan Abuja duk ɗaya ne, kuma haka kowa ke yi, ta kai ɗakin gwaji a wuce wurin. Na ce to, shi sunansa yana ina a jikin kwalbar? Ta duba, babu. Wallahi Yaya, nan na gane dabararsa. Ranar da asiri zai tonu, shi yana ofis da fankarsa, sunan 'yarka ne za a karanto.

Ban yi mata faɗa ba, kuma ka san wannan ba ƙaramin jihadi ba ne a wurina. Cewa na yi ranar Asabar ta raka ni in ga rijiyar da famfona yake wakilta. Muka hau mota har inda titi ya ƙare, muka bi 'yar hanyar ƙafa muna haki. Ko'ina fari fat da ƙurar dutse, bangayen gidaje duk sun tsattsage saboda ƙarar nakiya. Rijiyar tana bayan gidan wata mata mai suna Mabel, 'yar kudancin Kaduna, mai gasa masara a bakin hanya. Ba ta san mu ba, amma ta shimfiɗa mana tabarma, ta shiga ta kawo mana ruwa a kofi kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Ruwan ya yi fari-fari kamar an wanke shinkafa a ciki. Ta ba mu haƙuri, ta ce in an bar shi yana kwantawa, kuma shi suke sha da 'ya'yanta tunda na saye ya fi ƙarfinsu.

Na kai bakina na miƙa wa Kauthar. Da Mabel ta ji abin da yarinyar take karantawa a makaranta, sai ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah, wai yau dai an turo wanda zai duba musu ruwan nan. Yaya, da ka ga fuskar 'yarka. Ta riƙe kofin nan, ba ta iya sha ba, ba ta iya ajiyewa ba. Can ta rufe ido ta kurɓa, sannan ta ce a ara mata guga. Da hannunta ta ja ruwan ta cika sababbin kwalaben da na sa ta taho da su.

Muka dawo, firij ɗina ya zama ɗauke da kwalabe kashi biyu masu suna ɗaya. Na bar mata zaɓi. Ranar Litinin ta ɗauki kularta ta fita, ni kuma na je na buɗe firij in ga waɗanda ta ɗauka. Na famfon ne ta bari.

Da sakamakon gwaji ya fito ya nuna ruwan rijiyar ya gurɓace, ogan dariya ya yi, ya ce ta yi ƙoƙari, ta je gida ta huta zai neme ta. Har yau bai neme ta ba, kujerarta ma an ba wata ɗaliba. Bai kuma sa mata hannu a shaidar koyon aikin ba, in kuwa babu ita, tana iya maimaita shekara. Ta kai kuka wurin malamarsu, Dakta Alice, ta ce za ta nema mata wani wurin. Ni dai sai na gani a ƙasa, don alkawarin mutanen garin nan ya ishe ni.

Abin da ya sa na yi gaggawar rubutowa shi ne, jiya na ji ya aika yana neman lambarka ta Jidda. Ban san me zai ce maka ba, amma na rantse da zaƙin baki zai fara, ya ƙare da cewa yarinya ta yi taurin kai, uba ya ja mata kunne. Don Allah ka riga shi. Kauthar ba ta tsoron Thaddeus, ba ta ma tsoron maimaita shekarar kamar yadda take tsoron ka ce ta watsar da damar da ka ce ta riƙe. Ko wayarta ta yi ƙara sai ta zabura, ta zaci kai ne. Ka kira ta ka sa mata albarka, Yaya, ko da ba ka ƙara komai a kai ba. Ruwan famfon kuwa na juye a tukunya na dama mana koko da shi. Kwalaben na wanke na adana mata, don na san za ta sake buƙatarsu.

Ka gaishe mini da Yaya Ikilima, ka ce ta kwantar da hankalinta, 'yarta tana cin abinci. A shafa mini kan Zaid da Sadisu. In kun shiga Harami ku sa mu a addu'a, ku sa da matar nan Mabel da 'ya'yanta.

Taka ƙanwa,
Safiyatu.