Baƙin Man Kawu Sale

Yaya Hamisu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Hajiya da yara, ya Fatakwal? Mu nan Dayi lafiya lau.

Taraktar da na saya da gumina, Kawu Sale ya are ta, ta dawo bokitinta ba ya ɗagawa. Da bakanike ya kwance bawul ɗin haidirolik, sai ga shi a toshe. Ashe baƙin mai Kawu ya ɗura mata, wai "ai mai duk mai ne, ɗana!" Ga damina ta matso, ban kai taki gonata ba.

Ba zan iya ɗaga masa murya ba. Kai ne babba, ka kira shi, don ya ce da an gyara zai sake aikowa.

A sa mu a addu'a. Gaishe da kowa.

Ƙaninka,
Lawal